Babu Ba Sifiri Ba Ce

Daren Alhamis a Aboabo,
warin albasa ya shiga ofis har cikin aljihun tebur.
Fanka na juyawa da ƙyar, kamar ba a biya ta ba.
Ni kaɗai da kwamfutar Alhaji Dantani,
gobe za a sallami 'yan dako kafin a tafi masallaci.

Shafi biyu ne a gabana.
Ɗaya sunaye, mutum arba'in da uku,
ɗaya buhunan da kowa ya sauke
daga motocin Galmi, Litinin zuwa yau.
Na tashi fomula kamar 'yar aike:
riƙe sunan nan, tsallaka wancan shafi,
nemo mai shi, ki dawo min da adadinsa.

Sau arba'in ta dawo da hannu cike.
Sau uku ta dawo tana yarfe hannu:
#N/A, #N/A, #N/A.
Ban gan shi ba, in ji ta. Iyakar maganarta ke nan.

Ɗan Alhaji ya leƙo ta kafaɗata yana ɓare gyaɗa.
"Anti Ladidi, ai da sauƙi.
Lulluɓe ta da wata fomular,
duk inda ta rasa, ta rubuta sifiri.
Shafi ya yi fes, jimla ta fito, kowa ya kama gabansa."

Da gaskiyarsa, jimla ba ta tsallake rami.
Amma sifiri shaida ce:
wannan bai ɗauki komai ba.
Babu kuwa cewa take: ban sani ba.
Tsakaninsu akwai tuwon daren gida uku.

Na fara da Sumaila.
Ga shi nan, ga shi can, ko harafi bai bambanta ba.
Na kai kibiya ƙarshen sunan,
ashe wani yatsa ya bar fili guda,
fili da ido ba ya gani,
na'ura kuwa ta ƙirga shi kamar baƙi.
Na share. Buhu hamsin da ɗaya suka faɗo gidansu.

Na biyu Fuseini ne a katin Gana,
Husaini a bakin uwarsa da littafin mai ƙirga.
Wuya ɗaya, gammo ɗaya,
wa zai gaya wa fomula?
Na ba shi lamba, na bar sunayen su huta.

Na uku ya ƙi.
Mumuni Gariba.
Na share fili, na juya haruffa, na nemi rabin sunan,
ba shi ba alamarsa.
Tara ta gota. Yaran mota sun daina kiran Kejetiya.

Sai Laraba ta faɗo min:
an ɗauke wuta tun azahar,
mai ƙirga ya koma biro da bayan kwali.
Na kunna fitilar waya na shiga sito,
ɓawon albasa na kuka ƙarƙashin takalmina.
Kwalin na nan bayan sikeli,
danshi ya fara cin gefensa.
Mumuni, sabon zuwa, yini ɗaya:
sanda huɗu da gicciye, sanda huɗu da gicciye,
har talatin da takwas.

Buhu talatin da takwas a wuyan ɗan mutum,
saura ƙiris in dunƙule su
su zama zagaye guda mai kama da ƙwai.

Na lulluɓe fomular, i, yadda yaron ya ce,
kada alamun nan su tayar wa Alhaji hankali.
Sai dai ba sifiri na sa mata a baki ba.
Duk inda ta nema ta rasa,
yanzu rubutawa take: a tashi a tambaya.

Da safe Mumuni ya karɓi sidinsa,
ya ƙirga sau biyu da yawu a yatsa,
bai ko dube ni ba.
Ya tambayi mai gadi ko akwai mota ran Asabar.